Giɓi a Gadar Usta Hachik

Wata yarinya ta zo daga Ankara
da hular kwano, da alli a aljihu,
tana bin duwatsun gadarmu ɗaya bayan ɗaya
tana sa musu lamba kamar shanun gwamnati.
Ferda sunanta. Ta tambaye ni shekarun gadar.
Na ce, 'yar nan, ni Zekiye tsinkar ganyen shayi na iya,
amma zauna, in ba ki abin da kunne ya adana.

Kafin gada, igiya ce da kwando.
Kogin nan ba ya jin rarrashi.
In ƙanƙara ta narke a kan tsauni
sai ya sauko da kumfa a baki.
A shekara guda ya ci alfadari tara
da gishirin da ke bayansu
da yaron da ke jan na gaba.
Uwar yaron ce ta cire awarwaronta
ta ajiye a gaban dattawa, ba ta ce uffan ba.
Kunya ta sa maza suka kwance lalita.

Aka kira Usta Hachik daga bayan tsauni,
gajere, mai yatsa huɗu a hannun dama.
Shekara uku yana sassaƙa.
Farar ƙasa, yashi, farin ƙwai.
Kakata ta ce a lokacin
ba yaron da ya ɗanɗana ƙwai a kwarin nan,
kaji ma gada suke yi wa ƙwadago.

Ya kafa baka na katako, ya jero dutse a kai
daga wannan gaɓa da waccan,
kamar masu gaba da ake son sasantawa,
har suka jingina da juna,
ya cusa ɗan dutse guda a tsakaninsu.
Ranar cire katako ya hau falalen da ke cikin ruwa,
daidai ƙarƙashin bakan, ya zauna,
ya ce a buge turakun:
"In ta faɗo, ba sai kun neme ni ba."
Ƙura kawai ta zubo masa a gemu.

Daga nan zuma ta haye, gishiri ya haye,
shanu suka haye zuwa makiyayar bazara da ƙararrawa a wuya.
Samari suka haye da bindiga a kafaɗa,
takarda ta dawo a madadinsu.
Wata safiya jikokin Hachik suka haye
da tukwane a ka, ba su waiwayo ba,
mu ma ba mu kira su ba.
Wannan kada ki rubuta. Ko kuwa rubuta.

Ina budurwa aka zuba ta siminti a ƙasa da ita,
wata goma cif, aka yanka rago, aka yi jawabi.
Ambaliyar da ta zo a shekarar da na haifi Ilyas
ta naɗe ta kamar tabarma.
Tsohuwar ta tsaya da gansakuka a haƙarƙari,
ruwa na wucewa ta ƙarƙashinta yana zaginta.

Ferda ta duba takardarta, ta ce lissafi bai cika ba,
akwai giɓi a katangar hagu,
dutse ɗaya, mai faɗin faranti biyu.
"Ruwa ne ya ɗauke?"
Na ce Allah ne masani.

Ban gaya mata ba
cewa a hunturun yunwa kakana ya ɓamɓare shi da dare,
ya goyo shi gida don niƙan masara,
ya rayu yana kewaye gadar ta mashigin ƙasa,
ruwa har gwiwa, don kunyar haɗa ido da ita.

Na ƙara mata shayi.
Ta gyara zama a bakin ƙofata,
ta shafa dutsen da take kai,
ta ce, "Kai, wannan da santsi yake."